Ku Tambayi Malaman Lissafi: Koyar da Ilimin Siffofi a Ƙaramar Sakandare

Tambaya: Ɗalibaina sun haddace ƙa'idoji tsaf, amma da an zo jarrabawa sai su rikita kewayen siffa da girman filinta. Yaya zan yi da su? Daga wata malamar aji ɗaya.

Amsa: Malama, ƙarin hadda ba zai warware wannan ba. Yaran suna ganin lambobi biyu, tsawo da faɗi, amma ba su taɓa ganin abin da kowace amsa take aunawa ba, shi ya sa suke caɓar tarawa ko ninkawa yadda ta zo musu.

Ki raba ajin huɗu-huɗu, ki ba kowane rukuni tsinken ashana 24 da takarda mai gida-gida. Ki ce su haɗa siffa mai gefe huɗu, wadda kowace kusurwarta digiri 90 ce, ba tare da sun rage tsinke ko ɗaya ba. Siffofi shida ne za su fito: 1 da 11, 2 da 10, 3 da 9, 4 da 8, 5 da 7, sai 6 da 6. Su zana kowacce a takarda, tsinke ɗaya gida ɗaya, su ƙirga gidajen da ke ciki. Za su samu 11, 20, 27, 32, 35 da 36. Kewaye bai motsa daga 24 ba, amma fili ya ninka fiye da sau uku. Kada ki faɗa musu haka da bakinki. Ki rubuta sakamakon a allo, ki tambaye su me ya canza, me ya tsaya.

Washegari ki juya aikin. Ki ba su gutsattsarin kwali 24 masu siffar murabba'i, su jera su 1 da 24, 2 da 12, 3 da 8, 4 da 6. Yanzu fili ne ya tsaya, kewaye kuwa ya zama 50, 28, 22 da 20.

Ki sa ido kan kuskure ɗaya. Wasu za su ƙirga gidajen da ke bakin siffar a matsayin kewaye, sai amsarsu ta gaza da huɗu a duk siffar da faɗinta ya wuce gida ɗaya, domin gidan da ke lungu gefe biyu yake da shi a waje, su kuma sau ɗaya suka ƙirga shi. Ki sa su bi layin da bakin fensir suna ƙirga taku. Sai bayan wannan ne za ki kawo ƙa'idar tsawo sau faɗi.

Tambaya: Na sa yara sun auna kusurwoyin alwatika, wasu suka samu 177, wasu 183, wani ma 240. Yanzu ba su yarda cewa jimlar 180 ce ba. Daga wani malami.

Amsa: Malam, waɗanda suka samu 177 da 183 sun yi aikinsu daidai. Kuskuren digiri ɗaya a kowace kusurwa ya isa ya kawo haka, ga kuma kaurin layin fensir. Mai 240 shi ne ya karanta ma'aunin kusurwa a baibai. Ma'aunin yana da jerin lambobi biyu, ɗaya ya fara daga dama, ɗaya daga hagu, shi ya sa yaro zai karanta 120 a inda ya kamata ya ce 60. Maganinsa shi ne kintace kafin awo. Kowa ya ninke takarda gida biyu, ya sake ninke ta yadda layin farko zai hau kan kansa, ya samu kusurwar digiri 90. Ya ɗora ta a kan kusurwar da zai auna, ya rubuta "ta fi" ko "ba ta kai ba". Wanda ya rubuta "ba ta kai ba" ba zai karɓi 120 ba. Ka duba kuma ko sun ɗora cibiyar ma'aunin daidai kan tsinin kusurwar, kuma layin sifiri suka daidaita da gefen alwatikar, ba bakin robar ba.

Daga nan kowa ya yanka alwatikarsa, gefenta kada ya gaza santimita 10, kuma kada ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Ya sa wa kusurwoyin alama da biro tukuna, sannan ya yage su da hannu. Yagewa ta fi almakashi, domin yankan almakashi yana fitar da sababbin tsini masu rikitarwa. Ya jera tsinin ukun a wuri ɗaya a jikin rula: za su cika miƙaƙƙen layi.

Amma kada a tsaya nan, domin gwaji ba hujja ba ne. Ka zana layi ta saman alwatikar wanda yake tafiya daura da gindinta ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, ka nuna cewa kusurwoyi biyun da suka bayyana a hagu da dama daidai suke da na gindi. Mu a ganinmu wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ainihin darasin.

Tambaya: Yaya zan nuna wa ɗalibai daga ina 22/7, lambar da ake amfani da ita wajen lissafin kewayen da'ira, ta fito? Daga wata malamar aji biyu.

Amsa: Ki tara gwangwanaye da murafu masu girma daban-daban, waɗanda faɗinsu ya kai santimita 8, domin a ƙanana kuskuren awo yana yin yawa. A zagaya kowanne da siririyar takarda. Kada a yi amfani da zare, domin yana talewa. Wajen auna faɗi, a matse gwangwanin tsakanin littattafai biyu masu kauri, a auna ratar da ke tsakaninsu, tunda yara ba sa gane tsakiyar da'ira da ido. A raba kewaye da faɗi. Amsoshi za su taru kusa da 3.1. Ki gaya musu gaskiya cewa 22/7 kusantowa ce: ita 3.1428 take bayarwa, alhali ainihin lambar tana farawa da 3.14159. Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa tana tsakanin 223/71 da 22/7.

Tambaya: Manhajar GeoGebra, ta zana siffofin lissafi a kwamfuta, za ta iya maye gurbin waɗannan kayan? Daga wani malami.

Amsa: Kyauta ce kuma tana da amfani, musamman idan ka ja tsinin alwatika yara suna kallon kusurwoyi suna canzawa, jimla tana nan a 180. Amma ta biyo bayan aikin hannu. Idan kwamfuta ɗaya ce a ajin, kafin ka ja komai ka sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zaton zai faru, sannan ka kira ɗaya daga cikinsu ya ja da kansa.