Sarauniya Wongyeong: ta ɗora mijinta kan karaga, ya ƙarar da ƙannenta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon finafinan tarihi na Koriya. Na ga wata sarauniya da ta taimaki mijinta ya zama sarki, daga baya ya sa aka hallaka ƙannenta maza huɗu. Haka aka yi da gaske, ko ƙarin gishirin masu fim ne? In gaske ne, me ya hana shi sakinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu ƙarin gishiri a nan. Matar da kike nufi ita ce Sarauniya Wongyeong, uwargidan Sarki Taejong na daular Joseon, kuma labarinta yana rubuce a kundin tarihin fadar, wanda aka haɗa daga bayanan da marubutan sarki suka riƙa rubutawa kullum.

An haife ta a 1365, lokacin daular Goryeo na gab da faɗuwa. 'Yar babban gida ce, zuriyar Min ta Yeoheung, mahaifinta Min Je malami ne kuma babban jami'in gwamnati. A 1382 aka aurar da ita ga Yi Bang-won, wanda daga baya ya zama Sarki Taejong, ɗa na biyar ga wani janar mai tashe. Ta girme shi da shekara biyu, kuma a lokacin gidan iyayenta ya fi na mijin suna a babban birni. Riƙe wannan, don shi ne tushen komai.

A 1392 surukinta ya kifar da Goryeo ya kafa Joseon. Mijinta ya fi duk 'yan'uwansa wahala a wannan aiki, amma da aka zo naɗa yarima mai jiran gado sai aka tsallake shi, aka ba ƙaramin ƙaninsa, ɗan kishiyar uwa. A 1398 babban mashawarcin sarki, Jeong Do-jeon, ya matsa a rusa rundunonin da 'ya'yan sarki ke riƙe da su. Ana ta ƙona makamai, ita kuwa ta ɓoye na gidanta. Ranar da ta ji ƙamshin makirci, mijinta na cikin fada, sai ta tura baransu ya je ya ce masa ciwo ya kama ta farat ɗaya. Da wannan dabara ta fito da shi, suka shirya da ita da ƙannenta. A daren nan, da makaman da ta ɓoye, aka kashe Jeong Do-jeon, yariman ma bai tsira ba. Bayan shekara biyu wani yayansa ya yi masa tawaye, wani doki daga rundunarsu ya dawo gida da rauni babu mahayi, ta ɗauka an ci su da yaƙi, ta tashi za ta fagen fama ta mutu tare da shi. A ƙarshen 1400 ya hau karaga.

Daga nan zama ya fara tsami. Ya shiga tara mata a fada, har da baiwarta. A 1402, da ya shirya ɗauko wata 'yar gidan Kwon, ta riƙe rigarsa tana kuka tana tuna masa wahalar da suka sha tare. Masu fim sun fi son wannan ɓangare, sai su mai da labarin na kishi kawai. Ni ban ga haka ba. Abin da ya hana Taejong barci shi ne dangin matarsa. Babban ɗansu, Yarima Yangnyeong, a gidan kakansa Min Je ya tashi, a hannun kawunnansa. Sarki ya san yadda aka ƙwaci mulki, ya san su wa suka taya shi. Ya lissafa cewa ran da ya kau, yaro zai zauna a karaga, kawunnai su yi mulki.

A 1406 ya ce zai yi murabus ya bar wa ɗansa, sannan ya janye maganar. Shekara na zagayowa aka tuhumi manyan ƙannenta biyu, Min Mu-gu da Min Mu-jil, da cewa fuskarsu ta nuna murna da jin murabus ɗin, ta kuma ɓaci da aka fasa. Dubi laifin fa: yanayin fuska! Aka kore su daga birni, mahaifinsu ya rasu a 1408, aka kai su tsibirin Jeju, a 1410 aka umarce su su kashe kansu. Sauran biyun, Mu-hyul da Mu-hoe, suka bi su a 1416 ta hanya guda.

Batun saki kuwa, ya taɓa furta wa fadawansa cewa yana son sauke ta, amma bai yi ba. Ita ce uwar magaji. Sauke ta zai taɓa darajar ɗan da zai gaje shi, ga kuma kowa ya san rawar da ta taka a 1398. Da ya raba ta da 'yan'uwanta, babu sauran abin da zai ji tsoro a wurinta. Ya bar mata sarautar, ya kwashe duk wanda zai tsaya mata. A ganina wannan zalunci ne, ko da masana da dama na cewa shi ya share wa magajinsa hanya.

Shekarar 1418 ta zo mata da nauyi. Autanta Seongnyeong ya rasu yana yaro, aka tsige Yangnyeong saboda halinsa, aka naɗa ɗanta na uku, wanda aka haifa a 1397. Shi ne Sejong, sarkin da ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, waɗanda Koriyawa ke rubutu da su har yau. Ba ta ga wannan ba. Zazzaɓi ya kama ta a 1420, Sejong ya yi ta jinyarta da kansa, ta rasu tana da shekara 55. Kabarinta na Heolleung, a kudancin Seoul, kusa da na mijinta da ya bi ta a 1422.

In kina son hujjar cewa tsari ne sarkin ya ɗauka ba fushin miji ba, dubi abin da ya yi wa surukarsa. Bayan ya miƙa wa Sejong karaga ya riƙe ikon soja a hannunsa. A ƙarshen 1418 ya sa aka kama Sim On, mahaifin matar Sejong kuma shugaban majalisar fada, yana dawowa daga aike a ƙasar Sin, aka tilasta masa mutuwa, aka mai da matarsa baiwar gwamnati. Fadawa suka nemi a sauke sabuwar sarauniyar, Soheon, Taejong ya ƙi, tunda ta riga ta haifa wa sarki 'ya'ya maza.