Faifan jita da za ka fara da su

Ɗan'uwa, ka ce kunnenka ya gaji da kiɗan kwamfuta, kana neman sababbin faifan masu jita da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Fara da Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu Nijar. Faifansa Funeral for Justice na 2024 jitar lantarki ce mai zafi, ganga na sukuwa a bayanta. A 2025 ya sake fito da waƙoƙin nan a Tears of Injustice, da jitar katako, a sanyaye. A Amurka shi da makaɗansa suka ɗauke shi lokacin da juyin mulkin 2023 ya hana su komowa gida, kuma wallahi kewar na fita a muryarsa. Wannan faifan na fi so. Sai ka ƙara da 100% Sahara Guitar na Etran de L'Aïr, makaɗan bukin aure na Agadez.

Sharaɗina ɗaya: kada ka yanke musu hukunci da lasifikar salula. Abin da masu tura waƙa a kati ke ba mu nan Maraɗi galibi an matse shi, ƙasan kiɗan ya ɓace. Nemi na asali a Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, ka sa abin kunne, za ka ji har gogar yatsa a kan tsirkiya.