Inshorar biza kaɗai ta isa tafiyar jirgin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi za mu kai mahaifiyarmu yawon shaƙatawa na kwana 10 a jirgin ruwa cikin tekun Bahar Rum. Jirgin zai tashi daga Basalona, ya tsaya a Italiya da Girka da Turkiyya. Shekarunta 68, tana da hawan jini da ciwon sukari, amma tana shan magani kuma jikin da sauƙi. Makon jiya muka biya kafin alƙalami. Kamfanin jirgin ya tallata mana tasa inshorar, ƙanena kuma ya ce wadda za mu yanka domin biza ta wadatar. Wacce za mu bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku lafiya. Na ji daɗi da kika ambaci makon jiya, domin lokaci yana cikin abubuwan da suka fi muhimmanci a nan.

Ƙanenki ya faɗi gaskiya ta gefe ɗaya. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya da Italiya da Girka da ita, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ba za a ba ku ita ba sai da takardar. Amma an tsara wannan inshora ce domin ƙasashen Shengen, kuma Turkiyya ba ta cikinsu. Sannan da yawa daga cikin masu arhar ba su ɗaukar nauyin abin da ya faru a tsakiyar teku, sai an ƙara musu ɓangaren jirgin ruwa. Ki tambayi mai sayarwar a rubuce: shin ta haɗa da jinya a cikin jirgi, da kowace ƙasa da za mu sauka?

Abin da ya fi damuna shi ne Mama. Manyan jiragen nan suna da likita da ma'aikatan jinya, amma wurin nasu ƙaramin ɗakin shan magani ne. Kuɗinsa ba ya cikin tikiti, a kan asusunku na jirgi ake ɗora shi, ku biya kafin ku sauka, daga baya ku kai wa kamfanin inshora rasit ya mayar muku. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, kamar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, za su sauke mara lafiya a tasha mafi kusa, wani lokacin ma sai jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi. Jirgin ruwan kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Daga nan asibiti a ƙasar da ba ku jin yarenta, masaukin mai jinya, da jirgin sama na musamman da zai mayar da ita gida, duk a wuyanku suke. Wannan na ƙarshen kaɗai yana iya cinye dubun dubatar daloli. Don haka layi biyu za ki fara dubawa a takardar: adadin kuɗin jinya, da adadin kuɗin kwashe mara lafiya da mayar da shi gida. Ki zaɓi wadda ta fi yalwa a waɗannan biyun, ko da ta gaza a kan ɓatan akwati.

Kada ki ɓoye hawan jinin da sukarin, ina roƙonki. Na san ana yi don gudun ƙarin kuɗi, amma ranar neman diyya takardun likitanta za su buƙata, kuma idan suka ga tsohon ciwo ne da ba a bayyana ba, suna da damar ƙin biya. Wasu kamfanoni sukan yi tambayoyi a kan lafiyar mutum su ƙara kuɗi. Wasu kuma sukan yafe sharaɗin tsohon ciwo, amma sai an sayi inshorar cikin kwana 14 zuwa 21 daga ranar kafin alƙalami. Kin ga mako ɗaya ya riga ya wuce. Ki yi a wannan makon.

Ta kamfanin jirgin kuwa tana da sauƙin saye, sai dai kuɗin jinyarta sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Idan kuma kuka fasa tafiya saboda dalilin da ba ya cikin jerinsu, takardar wata tafiya a nan gaba sukan bayar maimakon kuɗi. Kuma ba ta kare ku idan kamfanin da kansa ya durƙushe, abin da ya faru da kamfanin jiragen ruwa na Crystal Cruises a farkon 2022. Ni ta kamfani mai zaman kansa zan saya wa tawa uwar, wadda ta haɗa har da tikitin jirgin sama da otal.

Ki duba ko tana biyan kuɗin killacewa. Tun da aka tsare jirgin ruwan Diamond Princess a Yokohama ta ƙasar Japan saboda cutar korona a watan Fabrairun 2020, fasinjoji suka shafe makonni biyu a ɗakunansu, wannan layin ya zama abin tambaya.

Sai batun makara. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya yi jinkiri, haka ma wanda ya fita yawo da kansa a tasha ya dawo a makare. Inshora mai kyau tana biyan kuɗin cim masa a tasha ta gaba idan laifin na jirgin sama ne, amma ba ta biyan wanda ya shagala a kasuwa. Ku isa Basalona kwana ɗaya kafin tashi.

Maganin Mama ya zauna a jakar hannunta, da ƙarin na 'yan kwanaki, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunayen magungunan. Lambar gaggawa ta kamfanin inshorar kuma ki rubuta ta a takarda, ki ba ƙanenki kwafi, domin yawancinsu suna so a kira su kafin a kwantar da mutum ko a ɗauke shi.