Bambancin "due to" da "because of" a jarrabawar Turanci

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin JAMB, kuma ka rasa gane inda ake sa "due to" da inda ake sa "because of". A taƙaice, "due to" suna (wato "noun") take siffantawa, shi ya sa galibi take biyo bayan "is" ko "was". Ita kuwa "because of" dalilin aikatau (wato "verb") take bayyanawa. Sai ka ce "The delay was due to rain", amma "The match was delayed because of rain". In ka yi shakka, cire "due to" ka sa "caused by" a gurbinta. Jimlar ta zauna daram? To ka dace. In ta yi banbarakwai, ɗauki ɗayar.

Amma fa da sharaɗi. Turawan kansu suna cakuɗa su a hira da jaridu, har kunne ya saba, don haka kada ka dogara da daɗin ji. Ni ma da nake koyar da ɗalibai darasin yamma, a nan suka fi faɗuwa. Sai an jera maka su biyun cikin zaɓi sannan wannan tsohuwar ƙa'ida take raba gardama.