Tambaya da Amsa: Farautar barewar Amurka da kwari da baka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah kwanakin nan duk na buɗe YouTube sai in ta cin karo da bidiyon mutanen Amurka sun hau can saman bishiya sun yi shiru da wani irin baka mai tayoyi, can sai kaga ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa ta taho har gindin bishiyar kamar an kira ta su harbe ta. Ni dai gidan maharba na tashi kuma nasan naman dawa baya zuwa kusa da mutum haka, shine nake tambaya wai kiwatattu ne ko asiri suke yi? Kuma me yasa kusan duk bidiyon a watan Nuwamba ake ɗauka? Daga mai karatunku a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba asiri ba ne, kuma akasarinsu ba kiwatattu ba ne, duk da dai akwai masu kewaye daji da dogon shinge su tara barewar a ciki musamman a jihar Texas. Amsar tambayarka ta farko tana cikin ta biyun, wato wannan Nuwamba da ka lura da shi.

Dabbar da kake gani ita ce barewa mai farar wutsiya, ƙasan wutsiyarta fari fat ne, in ta tsorata sai ta ɗaga shi tana gudu. Ba dangin barewarmu da gada da mazo ba ce, su namu ƙahonsu na har abada ne, shi kuwa namijin waccan duk shekara ƙahon ke faɗuwa wajen Janairu zuwa Maris wani sabo ya tsiro, yana fitowa lulluɓe da wata fata mai laushi da jini a ciki, zuwa Satumba fatar ta bushe ya goge ta a jikin itace. Babban namiji a jihohin arewa yakan kai kilo 70 har sama da 100. Kuma wallahi gaskiyarka ne, a sauran watannin shekara namijin da ya kai shekara huɗu ko biyar da wuya ka sa shi a ido da rana, kwanciya yake a cikin sarƙaƙiya sai dare ya fito kiwo.

Abin da ke canza shi shine lokacin barbara, kuma gajarcewar yini ce ke kawo shi, ba sanyi ko ruwan sama ba. Mu nan Kaduna bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba shi yasa bama lura, amma a jihohi irin su Iowa da Wisconsin yinin da ke kai awa 15 a watan Yuni sai ya dawo wajen awa 9 a Disamba, to wannan raguwar hasken ce ke motsa jikin dabbar, duk shekara kuma kusan kwanaki ɗaya ne, farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa abin yake kai maƙura. A kudancin ƙasar lokacin ya bambanta, kudancin Texas sai Disamba, wasu sassan Alabama ma sai Janairu. Macen kuma kwana ɗaya ne kacal ko ɗaya da ɗan wani abu take karɓar namiji, in bata samu ba sai bayan kwana 28 ta sake dawowa. Kaga kenan namijin bashi da lokacin ɓatawa, sai ya bar cin abinci ya bar ɓuya ya dinga yawo dare da rana hanci a ƙasa yana bin sawun mata, wuyansa ya kumbura, ya yi ta faɗa da 'yan'uwansa maza, kafin a gama wani ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Ko haɗarin mota da barewa a titunan Amurka a Nuwamba ya fi yawa saboda wannan gudun ba kai ba gindi.

To amma fa ba haka kawai maharbin ke hawa kowace bishiya ba, nan ne aikin yake, kuma nan ne na tabbata ɗan gidan maharba kamarka zai gane da wuri. Tun Oktoba yake shiga daji yana karanta alamu. Ta farko ita ce gugar itace, namijin ya samu ƙaramin itace ya goge shi da ƙaho da goshi har ɓawon ya saɓule farin cikin ya fito, ya bar warinsa a wurin. In ka ga irin wannan a jere ɗaya bayan ɗaya to hanyarsa ce tsakanin makwanci da wurin kiwo, gefen da aka goge kuma yakan nuna maka ta inda ya fito. In itacen mai kauri ne galibi babban namiji ne ya yi aikin.

Ta biyun ta fi ban sha'awa. Zaka iske wani wuri a ƙasa mai faɗin faifai ko tabarmar sallah, an share ganye tas an tone ƙasar da kofato, sau tari da sawun kofaton a tsakiya. Ɗaga kanka sama, zaka ga wani reshe ya sauko daidai tsayin kan barewa, bakinsa a tattaune a karye. Namijin yakan zo ya lashi reshen ya goga fuskarsa da goshinsa, sannan ya tone ƙasa, ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari ya gangaro ta kan wani tabon gashi mai duhu da ke cikin ƙafafun, fitsarin ya kwaso wari mai ƙarfi ya zuba a ramin. Duk barewar da ta wuce, mace ko namiji, sai ta tsaya ta shinshina ta san wa ke yankin. Maharbi ya kan durƙusa ya duba ko ƙasar da danshi, ko ganye ya sake rufe wurin, da haka yake sanin na jiya ne ko na makon jiya. Sai dai yawancin ziyarar da suke kai wa ramukan nan da dare ne, kuma ƙarshen Oktoba ne suka fi damuwa da su, da zarar mata sun fara karɓa sai kaga an watsar da ramin ganye ya rufe shi. Shi yasa wanda ya san aiki in Nuwamba ya kama baya zaman gadin rami, sai ya koma inda matan ke kwanciya ko wata matsatsiyar hanya tsakanin daji biyu inda dole namiji ya ratsa. Yanzu kuma sun samu sauƙi, akwai 'yar kyamara da ake ɗaurewa a jikin bishiya tana ɗaukar duk abin da ya gifta, wasu har waya take turo musu hoton, ni dai a ganina wannan ta rage wa sana'ar armashi.

Batun kamar an kira ta kuwa, ai kiran nata ake. Suna haɗa ƙahoni biyu suna gwarawa kamar maza biyu na faɗa, ko su busa wani bututu mai fitar da gurnanin namiji, mai yankin ya ji ya taho a fusace. Hawa bishiyar kuma saboda hanci ne da ido, sukan kafa ɗan dandamali mita 5 ko 6 daga ƙasa. Idon barewar baya rarrabe ja da ruwan lemo kamar namu amma motsi kaɗan take kamawa, hancinta kuwa ba a magana, in iska ta kwashi warinka ta kai mata an gama. Mutum zai haƙura da bishiyar da ya fi so ranan in iska bata yi daidai ba. Haka zai zauna tun kafin asuba cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, wani yini guda cur, wani mako guda bai saki kibiya ko ɗaya ba, wannan ne ba a nuna maka a bidiyon minti goma.

TAMBAYA: Malam kakana ne yasa in rubuto, tsohon maharbi ne mutumin ƙasar Birnin Gwari amma yanzu yana nan Kawo tare da mu, na nuna masa bidiyon. Yace a tambaye ka wane irin dafi suke shafa wa kibiyar tasu da dabba ke faɗuwa da wuri haka, sannan ya akai naman bai ƙare musu ba alhali mu nan gwanki da kanki sun zama labari?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, a gaishe min da shi. Baba, babu dafi a kibiyarsu, yawancin jihohin ma doka ta hana. Ku da kuka saba da kwankwani kun san ko a cinya kibiya ta samu dafi zai ƙarasa aikin, su kuwa kaifi kawai suka dogara da shi, bakin kibiyar reza biyu ne ko uku masu kaifin aska, zubar jini ke kashe dabbar. Saboda haka dole a samu bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, kuma dole a matso, yawancin harbin tsakanin mita 15 ne zuwa 30.

Bakan mai tayoyi wani mutumin jihar Missouri ne Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro shi, ya samu takardar mallakar fasahar a 1969. Amfanin tayoyin shine in ka ja tsarkiya mai nauyin kilo 30, da ka kai ƙarshe sai nauyin ya sauka ya koma kamar kilo 7, ka iya riƙewa kana jira dabbar ta gyara tsayuwa. Kibiyar na tafiyar wajen mita 90 a daƙiƙa, amma ƙarar tsarkiya ta fi ta sauri kusan ninki huɗu, to in da nisa barewar na jin ƙarar sai ta duƙa don ta zabura kibiyar ta bi ta saman bayanta.

Bayan harbi basa sauka nan take, sukan jira kamar rabin awa, sannan su nemo kibiyar don sau da yawa fita take ta ɗaya gefen. Jinin jikinta suke dubawa, in ja ne mai haske da 'yan kumfa to huhu ne dabbar bata yi nisa ba, in mai duhu ne hanta ce sai a ba ta awanni, in kuwa da kore-kore da warin tumbi to an yi mugun harbi, wanda ya bi ta da gaggawa tashinta zai yi ta ɓace masa ta je ta mutu a banza. Bin sawun jini kan busasshen ganye da tocila, ɗigo nan ɗigo can, na san Baba ba sai an koya muku ba.

Tambayarku ta biyu ita ta fi taɓa ni. Ai su ma ya taɓa ƙare musu. Wajen shekarar 1900 barewar nan ta ragu zuwa kimanin dubu 500 ko ƙasa da haka a duk faɗin Amurka saboda masu kashewa suna kai nama da fata kasuwa, yau ana ƙiyasin sun kai miliyan 30. A 1900 aka yi dokar Lacey da ta hana tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi suka hana sayar da naman dawa, a 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson wadda ke ɗaukar harajin kashi 11 cikin 100 na bindigogin farauta da harsashi ta zuba wajen kula da namun daji, a 1972 aka haɗa da kayan kwari da baka. Jihar Wisconsin ce ta fara ware wa masu baka lokacin farautarsu a 1934. Yau kusan kowa sai ya yanki lasisi, an ƙayyade masa adadi, a jihohi da dama namiji ɗaya ko biyu a shekara, ba farautar dare da fitila, kuma lokacin haihuwa wato Mayu da Yuni bayan cikin kwana 200, babu mai taɓa su. Macen kuma sau tari tagwaye take haifa, in aka ɗaga mata ƙafa nan da nan garke ke cika.

Mu kuwa da rani ya shigo sai a cinna wa daji wuta a saki karnuka, mai ciki da mai shayarwa da ɗan da bai yi ƙwari ba duk a haɗa, ga masu gawayi na cinye dajin, ga matsalar tsaro da ta hana ma'aikata shiga. Dajin Kamuku na can ƙasarku tun 1999 ya zama gandun daji na ƙasa kuma farauta a ciki laifi ce. Maharbanmu basu gaza na Amurka sanin dawa ba ko kaɗan, kuma ina ganin da Sarakunan Baka da ƙungiyoyin mafarauta za su tsayar da watannin da ba a fita, su hana taɓa mace mai ciki, maganarsu za ta fi ta gwamnati shiga kunnen yaran.

TAMBAYA: Malam ƙanena yana karatu a Amurka yace abokansa sun gayyace shi irin wannan farautar, shin in kibiya ta kashe barewar kafin ya iso ya yanka ta halatta? Daga 'yar'uwarku a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya ta halatta in ya cika sharuɗɗa. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi bayani, sai maharbin ya yi bismillah lokacin sakin kibiyar, kuma kaifinta ne ya huda dabbar ba bugu ba. In ya iske ta da sauran rai to dole ya yanka, don haka wuƙa ta kasance a jikinsa ba a mota ba. In ya same ta ta faɗa ruwa ta mutu kada ya ci don bai san kibiyar ce ko ruwan ya kashe ta ba.

Inda zai kula shine wannan jiran da suke yi bayan harbi. Malamanmu na Malikiyya sun shar'anta kada maharbi ya yi sakacin bin dabba har ta mutu alhali da ya hanzarta zai riske ta ya yanka. In huhu ko zuciya ya samu babu damuwa, kafin ma ya sauko daga bishiya ta cika. Wadda ta kwana ba a gan ta ba kuwa, Risala ta kawo cewa ba a ci, ta kuma kawo ɗaya maganar cewa in an iske kibiyar a makasarta babu laifi. Ki ce masa ya tattauna wannan da malami kafin ya fita, ya yanki lasisin jihar da yake, kuma in zai hau bishiya ya ɗaura bel ɗin da ke riƙe mutum tun daga ƙasa, don faɗowa daga dandamalin nan na cikin abin da ya fi raunata mafarauta a can.