Tambaya da Amsa: Sauya Firam ɗin Mitar Mota a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota ƙirar Honda Accord ta 2005, wadda aka fi sani da EOD. Baƙar robar da ta zagaye mitocinta ta tsage a gefe guda, kuma tana ƙara duk lokacin da na hau hanya mai gargada. Na ga wani firam mai launin azurfa a intanet, wanda ba kamfanin Honda ne ya yi shi ba, tare da wasu zobba masu ƙyalli da ake liƙawa a kewayen kowace mita. Shin zan iya ɗaura su da kaina, ko dole sai na kai wa mai wayarin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Firam ɗin waje kam za ka iya sauya shi da kanka, domin aikin bai wuce na awa guda ba ga wanda ya natsu. Zobban kuwa wani lamari ne daban, kuma zan zo kansu. Kafin nan akwai abin da ya kamata ka tabbatar tun ba ka biya kuɗi ba.

Accord ta waɗannan shekaru iri biyu ce. Akwai ta Amurka, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2007, kuma ta 2003 zuwa 2005 daga cikinta ce mutanenmu ke kira EOD. Akwai kuma ta Turai da Japan, wadda ta fi ta ƙanƙanta, wadda ma a Amurka da sunan Acura TSX aka sayar da ita. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma dashbod ɗinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka idan mai sayarwa ya rubuta "Accord 2005" kawai, bai gaya maka komai ba tukuna. Haka kuma ka kula da ɓangaren sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, motocinmu sitiyarinsu yana hagu, kuma kayan dashbod da aka ƙera don motocin Ingila ko Japan sau da yawa ba sa zama a namu. Idan da hali, shawarata ita ce ka ciro tsohon ka tafi da shi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka ɗora shi kan wanda za ka saya, ka gwada ramukan sukuru da wuraren kilif ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa na Beljiyam da aka ciro daga wata motar ya fi sabon da ba na kamfani ba zama daram.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai bakin kuros, sifana mai lamba 10, tocila, tsumma mai laushi, da abin ɓamɓare roba wanda shi ma na roba ne. Idan ba ka da shi, ka naɗe bakin sukundireba mai faɗi da tef, domin ƙarfe tsirara yana barin tabo a dashbod wanda ba ya gogewa.

Kafin ka taɓa komai, murɗa makulli zuwa alamar II ba tare da ka tayar da inji ba, ka ɗauki hoton mitar da wayarka yayin da fitilun gargaɗi suke kunne gaba ɗaya. Fuskar mitar wannan mota duhu take idan tana kashe, ba a ganin inda kowace fitila take, kuma hoton nan shi ne zai nuna maka daga baya ko sabon kayan ya rufe wata. Sannan ka nemi lambar rediyo, mai alƙaluma 5, domin a wasu nau'o'in wannan mota rediyon asali yana kullewa idan aka cire batir, ba ya buɗewa sai da ita. Bayan haka ka zare makulli, ka kwance kan batir mai alamar ragi, ka jira aƙalla minti 3 kamar yadda Honda ta tanada, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Duk soket ko waya mai launin rawaya da ka gani a kusa da sitiyari na jakar iska ce, kada ka cire ta, kada ka ja ta.

Sauke sitiyari ƙasa, ka jawo shi gabanka iyakar zuwansa, ka shimfiɗa tsumma a kan murfin wuyansa. Haska tocila a ƙarƙashin leɓen saman firam ɗin da gefunansa, ka kwance duk sukurun da ka gani, ka ajiye su a cikin kofi. Abin da ya rage yana riƙe da shi kilif ne. A nan yawancin ɓarna take faruwa, domin robar da ta shekara kusan 20 tana shan ranar ƙasarmu ta riga ta bushe, tana karyewa kamar busasshen kara. Ja shi kai tsaye zuwa ƙirjinka, kaɗan kaɗan, daga kusurwa zuwa kusurwa, kada ka lanƙwasa shi sama ko ƙasa. Idan wani wuri ya ƙi sakewa, kada ka ƙara ƙarfi, domin alama ce ta cewa akwai sukurun da ba ka gani ba ko kuma wata robar ta hau kansa. Ƙananan kilif na ƙarfe kan maƙale a jikin tsohon firam ko a cikin ramin dashbod, kuma sabon yakan zo babu su, sai ka ciro su ka mayar a jikinsa. Rashin ko ɗaya daga cikinsu zai dawo maka da ƙarar da kake gudu.

Gwada sabon ba tare da ka danna shi ciki ba, ka tabbata sandar da ake latsawa don share lissafin tafiya tana motsi babu abin da ya tokare ta, sannan ka danna kowane kilif har ka ji ya kama. Sukuru kuwa da hannu za ka ɗaure, da ya tsaya ka tsaya, domin a cikin roba yake shiga.

Game da zobba, a gaskiya ban ba ka shawarar sa su ba. Liƙa su yadda ya kamata yana buƙatar a ciro mitar gaba ɗaya a buɗe gilashinta, kuma da zarar an buɗe, ƙura ta samu hanya, musamman a lokacin hunturu, sannan yatsa ɗaya ya isa ya goce allurar mita daga mazauninta, ta koma tana nuna maka gudu ko yawan man da ba shi ne ba. Akwai kuma dalilin da ya sa kamfani ya yi wurin baƙi marar sheƙi: don kada hasken rana ya dawo wa direba cikin ido. Wannan ya shafi firam ɗin azurfar ma, don haka idan akwai baƙi, shi na fi so maka. Idan duk da haka ka ƙudurta sai ka sa zobban, ka goge wurin da sifirit, ka yi amfani da tef mai gam gaba da baya wanda aka yi don mota. Kada ka kusanto da sufa gulu, domin tururinsa yana barin farin hazo a jikin gilashin roba. Kada kuma ka goge gilashin da fetur ko tina, kuma kada ka murɗa makulli alhali soket ɗin mitar yana cire, don kada kwamfutar motar ta rubuta matsala ta bar maka fitila kunne.

Da ka gama, mayar da kan batir, murɗa makulli zuwa II, ka kwatanta abin da kake gani da hoton da ka ɗauka. Fitilar baƙin mai, ta caji, ta inji, ta burki da ta jakar iska duk su bayyana sarai daga inda kake zaune, sannan ka tayar da inji ka ga sun mutu, ban da ta burki idan burkin hannu yana sama. Sa lambar rediyo, gyara agogo, ka fita da motar sau ɗaya da tsakar rana, sau ɗaya kuma da dare, ka duba ko sabon firam ɗin yana haska maka ido ko yana fitowa a gilashin gaba. Idan fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa, a nan ne za ka kai wa mai wayarin ya sa mata kwamfuta.