Kafin ka sai da bes ɗinka ka nemo marar nauyi

Ɗana na ga saƙonka tun daren jiya, kac ce tun bikin da munka yi ran Asabar kafaɗarka ta hagu ke ciwo, kana son ka sai da bes ɗinka, gitar nan mai kaurin murya, ka sayi marar nauyi, wai wace iri za ka nema. Sannu, Allah shi ƙara sauƙi. Na san wanga ciwo sarai, awa huɗu kana tsaye da katako rataye a wuya cikin zafin Sakkwato ba wasa ba ne.

Abu na farko kada ka yarda da bakin mai shago, ko wace ka ɗauka cewa zai yi ba ta da nauyi. Ka ari sikelin ratayawa ka tafi da shi. Bes ta yau da kullum irin Precision da Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951, da Jazz ta 1960, da duk kwafinsu da sunka cika kasuwa, kilo 4 zuwa 4 da rabi suke yi. In ka samu wadda ta tsaya wajen kilo 3 da rabi to ka samu marar nauyi. Mai tsirkiya biyar kuwa cire ta daga lissafi, wuyanta ya fi faɗi kanta ya fi nauyi, kuma kiɗan da muke yi huɗu sun ishe ka.

Amma inda nake son ka buɗe kunne shi ne kilo ba shi ne duka maganar ba. Ni da kaina na taɓa sayo wata a Legas, na ɗaga ta da hannu guda kamar faifai ina ta murna, ashe jikin ne ba nauyi, wuyan da kan suna nan da nauyinsu, da na rataya ta na saki hannu sai kan ya sunkuya ƙasa, na ɗaga ya koma, na ɗaga ya koma, haka na kwana ina tallafe da wuya da hannun da ya kamata shi yi yawo bisa tsirkiya, wallahi da safe wuyan hannuna ko buta bai iya ɗauka. Shi ya sa in ka je saye ka rataya ta, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwa biyu. In ta zauna inda ka bar ta alhamdu lillahi. In kan ya nufi ƙasa ajiye musu abinsu, sai fa in kana da kuɗin canza makunnan tsirkiya, ƙarafan da ke kan bes ɗin da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, zuwa masu sauƙi irin Hipshot Ultralite. Ka duba ƙahon sama na jikinta ma, inda ake maƙala bel ɗin ratayawa, in dogo ne ya kai wajen na 12 cikin ƙarafan da ke jere bisa wuya galibi tana zama daidai.

Wadda zan ce ka fara nema Ibanez ce, jerin SR, jikin siriri wuyan siriri, kuma gwanjonta na shigowa, ka sa a bincika ma kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano. Sai gajeru masu tsawon tsirkiya inci 30 maimakon 34, irin Mustang ko Squier Bronco, hannunka ba zai miƙa da nisa ba, sai dai tsirkiyar ta fi laushi. Akwai Höfner ta Jamus mai siffar goge wadda Paul McCartney yay yi suna da ita, cikinta rami ne ko kilo 3 ba ta kai ba, kyakkyawa ce ƙwarai amma ban ba ka shawararta, kusa da manyan sifikun biki tana iya yin kuka, kuma hunturunmu bai jin tausayin katakon da anka haɗa da gam. Ka kula da sunan da anka manna a kai, na jabu sun yi yawa.

Katako mai sauƙi kuma laushi gare shi, nan da nan sukurun da ake maƙala bel ɗin ratayawa ke kwancewa. In ya faru cusa tsinken sakace biyu da gam cikin ramin, bar shi ya kwana sannan ka mai da sukurun.

Yanzu bari in tambaye ka, wane bel kake rataya ta da shi? Wancan siririn na leda ko? Ai shi ke yanka ma kafaɗa. Garin fata muke, ka je wajen dukawa su yanka ma mai faɗin inci 3 ko 4, a sa soso ciki, bayan ya zama mai kaushi don shi kama riga. Ka ɗaga bes ɗin ta zauna bisa cikinka, ka daina sakinta har cinya don gayu.

Ka kawo ta shago ran Alhamis bayan la'asar mu auna ta tukuna, in ta haura kilo 4 da rabi ni zan nemo ma mai saye. In ciwon ya sauko hannu ko yatsu sunka fara mutuwa kada ka jira ni, tafi asibiti.